Hali ko yanayi: me ke sa mutum ya yi abin da ya yi?

Jama'a masu sauraronmu a ƙauyuka, da ku ƴan uwa da ke karanta mu daga Legas, Abijan, Kwatano ko Libiya, akwai karin magana biyu da kowannenmu ya tashi yana ji, kuma in aka lura ba su jitu da juna ba. Na farko ya ce hali zanen dutse ne. Na biyu ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To wanne za mu kama? In hali ba ya kankaruwa, ta yaya zama da wani zai canza mutum?

Wannan gardama ba a bakin tsofaffinmu kaɗai take ba. Akwai fannin ilimi da ake koyarwa a jami'o'i, wanda ƴan lakwal ke kira sikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, kuma rassansa biyu sun daɗe suna wannan ja-in-ja. Reshe ɗaya yana nazarin hali, abin da ke bin mutum duk inda ya je, wanda ya bambanta shi da ɗan'uwansa ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ɗayan yana nazarin yadda jama'a ke juya tunanin mutum da aikinsa. Kurt Lewin, wani masani Bayahude da ya baro Jamus ya koma Amurka a 1933, shi ya haɗa su wuri guda a 1936. Ya ce duk abin da mutum ya aikata daga abu biyu ya fito: shi kansa mutumin, da yanayin da ya tsinci kansa a ciki.

Yadda ake auna hali

An fara ne da ƙamus. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus na Ingilishi, suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Hujjarsu ita ce duk halin da ya dami mutane a zamansu sai sun raɗa masa suna. Masu binciken da suka biyo baya suka yi ta tambayar dubban mutane, suna duba kalmomin da ke tafiya tare, suna tankaɗe da rairaya, har aka tsaya a kan manyan ginshiƙai 5.

Akwai son sabon abu, kamar manomin da zai gwada sabon irin wake kafin kowa, ga kuma wanda ya ce abin da ya gada ya ishe shi. Akwai kula da aiki da cika alkawari, irin na matar da ba a taɓa bin ta zubin adashi ba. Akwai son shiga mutane, wanda fada ba ta daɗi sai ya zo, kishiyarsa kuwa mai shiru-shiru da hayaniya ke gajiyarwa. Akwai sauƙin kai da tausayi. Na biyar shi ne saurin damuwa: wani ƙaramin abu ke hana shi barci, wani kuwa ko damina ta yi gardama a natse za ka gan shi. Ba wai akan kasa mutane gida-gida ba ne. Kowane ginshiƙi kamar tsayi yake, akwai dogo akwai gajere, amma mafi yawanmu muna tsaka-tsaki.

Binciken da aka yi a kan tagwaye, har da waɗanda aka raba tun suna jarirai, ya nuna gado na da hannu a wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane. Ke nan masu cewa zanen dutse ba su yi ƙarya ba. Sai dai dutsen ma yana zaizayewa. In aka bi mutane shekara da shekaru, akasari suna ƙara natsuwa da kula da aiki yayin da suke manyanta, musamman daga shekara 20 zuwa 40.

Mu ma muna da namu ma'aunin. Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya, ya yi wata lacca da aka buga a 1974 a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Ya lissafo siffofi 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku duba, gaskiya da amana ne a gaba, alhali a cikin ginshiƙan nan 5 ba su da ɗaki nasu. Sai daga baya wasu masana biyu a Kanada, Michael Ashton da Kibeom Lee, da suka duba kalmomin wasu harsuna, suka ƙara ginshiƙi na 6, na gaskiya da tawali'u. Kunya kuwa har yanzu ba ta samu gurbin da ya dace da ita ba. A takardun tambayoyinsu ta fi kama da rauni, mu kuwa uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari tarbiyya muke gani a tare da ita.

Dalilin wannan giɓi a fili yake. Wani lissafi da aka yi a 2008 ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. Da aka kai ma'aunin wurin Tsimane, wasu manoma mafarauta a dajin Bolibiya, sakamakon da aka buga a 2013 bai fitar da ginshiƙai 5 ba. Biyu ne suka fito: kyautata wa jama'a da ƙwazon aiki. Saboda haka alƙaluman da za mu kawo a ƙasa a riƙe su da wannan a zuci.

Abin da yanayi ke yi

Tun 1928 Hugh Hartshorne da Mark May suka gwada dubban ƴan makaranta a Amurka, suka ga yaron da ya yi satar amsa a aji ba lalle ba ne shi ne zai ɗauki kuɗin da aka bari a fili. Amma gwajin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na 1973, a wata makarantar horar da limaman coci a Princeton. An aiki ɗalibai ɗaya bayan ɗaya su je wani gini su yi jawabi, wasunsu ma a kan labarin Basamariye mai tausayi na cikin Linjila. A hanya an ajiye wani mutum a zube yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce wa akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 suka taimaka. Cikin waɗanda aka ce wa sun makara, kashi 10 kacal. Har akwai wanda ya tsallake mutumin yana sauri ya je ya yi wa'azin tausayi.

Wanda ya ga wannan ɗalibi daga nesa zai ce mugu ne, domin bai san an ce masa ya makara ba. Wannan kuskure shi Lee Ross ya raɗa wa suna a 1977, ya kira shi babban kuskuren ɗora dalili: idan wani ya yi ba daidai ba sai mu ɗora wa halinsa, mu manta da yanayinsa. In mu ne kuwa muka yi, nan da nan mu tuna da yanayi.

Mun san yadda wannan ke raba zumunci. Yaro ya tafi ci-rani, wata uku bai aiko ko dala ba. A gida an gama shari'a: ya ga gari ya manta da mu, daman tun yana ƙarami marowaci ne. Ba wanda ya ga ubangidan da ya riƙe masa albashi, ko kuɗin haya, ko zazzaɓin da ya kwantar da shi, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Can kuma shi ma yana tasa shari'ar. Kuɗin da ya aiko a sayi tunkiya an cinye, sai ya ce ƴan gida ba su da amana, bai ga rumbun da ya ƙare tun kafin ruwan fari ba. Ba mu ce babu marowaci ko maci amana ba, akwai su. Abin da masu auna hali ke cewa shi ne hali yana bayyana ne in an tara ayyukan mutum masu yawa a lokuta daban-daban. Aiki ɗaya ba ya isa shaida.

Sarkin yawa da mai ba da umarni

A 1951 Solomon Asch ya zaunar da ɗalibai rukuni-rukuni, ya nuna musu layi ɗaya, ya ce su faɗi wanne ne daidai da shi cikin wasu layuka uku. Amsar a fili take, wanda ya yi shi kaɗai da wuya ya kuskure. Amma duk mutanen ɗakin an haɗa baki da su ban da mutum ɗaya, kuma a zagaye 12 cikin 18 sai su faɗi amsar ƙarya baki ɗaya. Wajen kashi ɗaya cikin uku na amsoshin da waɗanda ake gwadawa suka bayar sun bi jama'a. Mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya, ɗaya cikin huɗu bai taɓa bi ba. Ga abin da aka fi mantawa: da aka sa mutum guda cikin ƴan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya, bin jama'a ya faɗi warwas. Abokin ra'ayi ɗaya ya isa.

An maimaita gwajin a ƙasashe da dama, aka ga inda zumunci ya fi ƙarfi an fi bin jama'a. Ba mu ɗauki wannan abin kunya ba, don da shi ake gayya, da shi ake haƙa rijiyar gari. Amma shi ne kuma ke sa taron iyaye ya watse kowa ya ce ya yarda, alhali rabinsu a zuci ba su yarda ba, kowa na zaton shi kaɗai ne.

Gwajin Stanley Milgram a jami'ar Yale, wanda aka buga a 1963, ya fi tayar da hankali. An ce wa mutane su riƙa jona wa wani wutar lantarki in ya kuskure amsa, ana ƙara ƙarfinta daga bolt 15 har 450. Ba wutar gaske ba ce, mutumin ɗan wasa ne, amma ba a gaya musu ba. Cikin maza 40, guda 26 suka kai ƙarshe, suna gumi suna rawar jiki, saboda wani mai rigar aiki yana cewa a ci gaba. Da aka koma ba da umarnin ta waya, wajen ɗaya cikin biyar ne suka kai ƙarshe. Da aka sa wasu abokan aiki biyu suka ƙi, sai ɗaya cikin goma. An soki gwajin daga baya, don wasu sun yi shakkar wutar, kuma yau ba za a yarda a yi irinsa ba.

Mu da su

Henri Tajfel ya nuna a 1971 cewa raba mutane ba ya buƙatar tsohuwar gaba. Ya kasa ƴan makaranta a Bristol ta Ingila gida biyu a kan dalilin banza, wai wane mai zane suka fi so. Ba su ma san waɗanda ke rukuninsu ba, amma da aka ba su rabon kuɗi sai kowa ya fifita nasa. Maganin da Allport ya kawo tun 1954 shi ne cuɗanya, bisa sharaɗin a haɗu a matsayi ɗaya, a kan aiki ɗaya, da goyon bayan shugabanni. Wasan taubasai da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa, ko Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, wata tsohuwar dabara ce ta sassauta wannan rabuwa.

An gwada cuɗanyar a Kaduna. Alexandra Scacco da Shana Warren sun bi samari Musulmi da Kirista da suka yi mako 16 suna koyon kwamfuta, wasu a aji gauraye, wasu da ƴan addininsu zalla. A sakamakon da aka buga a 2018, abin da suke faɗa game da juna bai canza ba, amma ƴan aji gauraye sun fi yin adalci wajen rabon kuɗi.

Irin haka aka gani da rediyo, abin da ya shafe mu kai tsaye. A Ruwanda, shekara 10 bayan kisan kiyashin 1994, Elizabeth Paluck ta bi ƙungiyoyin masu sauraro shekara guda. Wasu suna jin Musekeweya, wasan kwaikwayo a kan ƙauyuka biyu masu rikicin ƙasa, wasu suna jin wasa a kan kiwon lafiya. Abin da kowa ya yi imani da shi a zuci bai motsa sosai ba. Abin da ya motsa shi ne abin da suke ganin jama'a ta yarda da shi, kamar auratayya da faɗin ra'ayi a fili. A ƙarshe aka bar wa kowace ƙungiya rakodar da kaset-kaset, aka ce su shirya yadda za su yi da su. Masu jin wasan lafiya akasari wani ya ce a kai wa shugaban gari, kowa ya amsa. Masu jin Musekeweya kuwa sai da aka samu wanda ya ce bai yarda ba, aka yi ta musayar ra'ayi kafin a tsayar da wanda zai riƙe.