Kowane Kiɗa da Lokacinsa

Ya kai mai karatu, ka san waƙoƙin Indiya na silima. To, Indiyawa suna da wani kiɗa da ya girme su, mai salo iri-iri da suke kira raga. Kowace raga da lokacinta. Bairab ta asuba ce, Yaman ta bayan magariba, Malhar kuwa ta damina. A fadar sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, mawaƙi Tansen ya yi suna da wannan kiɗa. Wani malami, Batkande (1860-1936), ya bi tsofaffin makaɗa yana rubuta ƙa'idodinsa.

Mu ma haka muka gada. A fadojin ƙasar Hausa, daren Juma'a ake busa kakaki da algaita a ƙofar sarki. Gangar noma sai ranar gayya. Tashe sai azumi ya kwana goma.

Yau salula tana kaɗa kome a kowane lokaci, yara ba su tantancewa. Kai da ka iya rubutu, je wurin tsohon makaɗin ƙauyenku, nan ƙasar Madarunfa. Tambaye shi kowane kiɗa da lokacinsa, ka rubuta tun yana da rai.