Mai Shari'a Salifu Fatimata Bazeye: Rayuwarta da Aikinta

Idan rigimar gona ta taso a Tsauni, mai gari ko sarki ne ke fara yin sulhu. Idan sulhu ya faskara, sai a je kotu. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke gaba, kamar ta Damagaram. Amma wannan dama ba za ta amfane ka ba sai in alƙalan da ke sama ba sa tsoron kowa. Ga tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan alƙalai.

Wace ce ita?

An haifi Salifu Fatimata Bazeye a shekarar 1951. Ta yi karatun aikin alƙalanci a Faransa, ta kammala a 1979. Da ta dawo gida Nijar, ta yi aiki a ƙananan kotuna, sannan a kotun ɗaukaka ƙara, har ta kai Kotun Ƙoli. A 2007 ta zama shugabar Kotun Tsarin Mulki. A lokacin, aikin wannan kotu shi ne tabbatar da cewa babu dokar da ta saɓa wa kundin tsarin mulki, wato uwar dokokin ƙasa.

Wace jarrabawa ta fuskanta?

Tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa wa'adin shekara 5, sau biyu kawai. A 2009 wa'adi na biyu na Shugaba Tanja Mamadu ya kusa cika. Sai ya nemi a yi ƙuri'ar raba gardama don ya ƙara shekara 3. Wannan yunƙuri shi ne aka kira tazarce.

Ranar 25 ga Mayu, kotun ta ce yin haka ya saɓa wa tsarin mulki. Kashegari shugaban ya rusa Majalisar Dokoki. Ranar 12 ga Yuni, kotun ta soke dokar da ta kira ƙuri'ar. Ranar 29 ga Yuni, shugaban ya rusa kotun kanta. Mai shari'a Bazeye ta rasa kujerarta, amma ba ta janye hukuncinta ba.

Me ya biyo baya?

An yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da gwamnati. A wannan shekara aka ɗora ta a kan majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, wadda ta tabbatar da sakamakon zaɓen 2011 da Mahamadu Isufu ya ci. Jaridar Daily Trust ta Najeriya kuma ta ba ta lambar gwarzon Afirka na 2011.

Abin da za ka riƙe

Doka tana gaba da kowa, har shugaban ƙasa. Idan aka yanke maka hukuncin da kake ganin ba daidai ba ne, kada ka ɗauki doka a hannunka. Ka nemi takardar hukuncin, ka tambayi magatakardan kotu yawan kwanakin da kake da su, ka ɗaukaka ƙara kafin su cika.