Daga Goron Mai Gari Zuwa Hatimin Magajin Gari: Yadda Izinin Gini Ya Iso Arewa

A ƙasar Arewa ta dauri, wanda zai kafa gida wurin mutane yake zuwa neman izini. Gubawa, waɗanda suka fara sarar dajin Dallol Mawri, su ake kira masu ƙasa, kuma Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji ke riƙe da alƙawarin da ke tsakanin jama'a da iskokin wurin. Arawa, da ke danganta asalinsu da Barno, sun zo daga baya suka karɓi sarauta, suka bar wa Gubawa sha'anin ƙasa. Baƙo kan je wurin mai gari ko zuriyar wanda ya haƙa rijiyar farko, ya kai goro, a nuna masa wuri a gaban dattawa. Abin da dattawan nan suka gani shi ne shaida. Yaɓe kafin damina ko ƙarin ɗaki idan yaro ya yi aure kuwa, ba a tambayar kowa, sai fa maƙwabci in indararo ya fuskanci katangarsa.

Takarda da Nasara ta zo. Ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya afka wa Lugu a 1899, amma sai da Faransa da Ingila suka gyara iyakarsu a 1904 da 1906 sannan ɓangaren Arewa da ke cikin Nijar a yau ya tabbata a hannun Faransa. Kumandan Faransa ya zauna a Dogon Dutsi, ƙarfin sarautar da ke Matankari ya fara komawa can. A 1906 ɗin aka kafa dokar rajistar filaye ta yankunan Faransa na Afirka ta Yamma, aka sabunta ta ranar 26 ga Yulin 1932. A idon gwamnatin mulkin mallaka, filin da aka ce ba shi da mai shi nata ne. Manomin Kieche ko na Gesheme bai ma san ana yi ba. Abin da ya taɓa mutanen gari shi ne loti: a ja tituna miƙaƙƙu, a yanka filaye, a kafa duwatsun iyaka, a ba mutum fili bisa sharaɗin ya gine shi cikin wa'adi, in ya kasa a iya karɓewa. Dokar 1959 kan filayen gwamnati ta riƙe wannan tsari, Nijar ta shiga ƴancin kai da shi. A ganina nan ne tushen izinin gini na yau, domin wanda ya ba ka fili da sharaɗi ya sami bakin tambayar abin da za ka ɗora a kai.

Shugaban ƙasa Seyni Kountché ya ce a 1974 gona ta mai nomanta ce, maganar da ta girgiza masu ba da aron gona, amma ba ta ture sarakuna ba. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ma sai ya koma ya amince da mallakar gargajiya, ya daidaita ta da ta takarda, ya kuma kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda daga baya suka sauko har ƙauye, da mai gari a kan gaba. Ke nan shaidar dattawa ba ta mutu ba, hatimi kawai ta samu.

Babban canji ya zo da zaɓen ƙananan hukumomi na 2004. Garin Dogon Dutsi, wanda titin kwalta na Yamai zuwa Ƙonni ya ratsa, ya bunƙasa har ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan dubu 37 a cikinsa, gonakin bakin gari suka zama kuɗi. Ga magajin gari mai ƙaramin asusu, loti hanya ce ta samun shiga. A 2011 aka cire Tibirin Samna daga gundumar Dogon Dutsi, ta tafi da Gesheme da Kore Mairuwa da Dumega. Dokar tsara birane ta 2017 da ta gine-gine ta 2018 suka ƙara fayyace aikin mai gida: ya kai shaidar mallakar fili da zanen gini ofishin magajin gari kafin a haƙa tushe, haka ma in gyaran zai sauya fasalin ginin. Wanda ya yi gaban kansa ana iya tsayar masa da aiki, a ci shi tara, ko a rushe. Tun Afrilun 2024, da sojoji suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa ke riƙe da waɗannan ofisoshi.

Akwai wani nauyin da ya girmi waɗannan duka. Kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa ya ce idan gini ya faɗi saboda rashin gyara ko mugun aiki, ya yi wa wani ɓarna, mai ginin ne zai biya. Hujjar cewa magini ne ya rage siminti ba ta wanke shi a gaban wanda aka cuta, sai dai ya biya sannan ya bi maginin.

A aikace, takardar da mutane ke ɓoyewa cikin akwati ita ce ta mallakar fili. Izinin gini kuwa akasari mai bene ko shago a bakin titi, ko mai neman bashin banki, ke waiwayarsa. Ban ga laifin talaka mai ɗakin laka biyu da ya ƙi biyan mai zane ba. Sai dai Dutsi gari ne da tuddai suka kewaye, ruwan Agusta yakan gangaro ta koramu ya nufi Tafkin Saw, kuma katanga guda da aka ja a kan hanyarsa ta isa ta juya shi cikin gidajen unguwa. Da can dattijon da ke nuna wuri ya san inda ruwa ke bi tun zamanin kakansa. Yanzu mai sayen fili sau da yawa baƙo ne, ko ɗan gari da ke aiko da kuɗi daga Legas, da rani ake kai shi ya gani, kuma jami'in da ya kamata ya ce masa nan korama ce ba ya ganin zanen sai in an kai masa.