Tafkin Kainji da Rabon Ɗan Maraƙi

Masu rubuta tarihin madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, sukan ƙidaya mutane wajen 44,000 da aka tayar daga gidajensu. Ni kuwa ina so in sa ɗan maraƙi cikin lissafin.

Kafin zuwan tafki, Fulani kan gangaro fadamun kogin Kwara a ƙasar Ngaski da Yawuri su ci rani. Ruwa ya haɗiye da yawa daga fadamun nan. Saniyar da ta rasa ɗanyar ciyawa nononta kan ragu, ɗan abin da ya saura kuma a raba shi tsakanin maraƙi da ƙwaryar talla.

To, nan hasarar take. Dakashin ranar farko shi ke kare maraƙi daga cututtuka. Nono da ciyawar watannin farko kuwa su ke gina hanjinsa da tumbinsa, waɗanda za su riƙa mayar masa da abinci ƙarfi da tsoka. Maraƙin da ya sha yunwa a lokacin nan yakan tsumbure, in karsana ce ta makara wajen haihuwa.

A ganina, wanda zai auna abin da tafkin ya ci, lalle ya leƙa garke, kada ya tsaya ga gidaje da gonaki kaɗai.