Janareta a gida da shago: abin da ya kamata mazauna Zongo da Houéyiho su sani

Janareta, wanda ake kira groupe électrogène da Faransanci, shi ne madogarar masu sana'a da yawa a Kotonou duk lokacin da wutar kamfanin SBEE ta ɗauke. Ƙasar Benin ta daɗe tana sayen kaso mai yawa na lantarkinta daga Najeriya da Ghana. Tashar Maria-Gléta da aka buɗe a 2019 ta rage matsalar, amma har yanzu tela, mai aski, mai sayar da ruwan sanyi da mai cajin waya ba sa sakin jiki. Wutar gari a Benin volt 220 ce, kuma ita ce ƙananan injinan ke bayarwa.

Hayaƙi ne babban haɗari

Injin fetur yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ko wari. Idan ta shiga huhu, tana manne wa jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin sama da sau 200, sai jiki ya rasa iskar da yake bukata. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Da yawa sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su sha magani su kwanta, alhali mai barci ba lallai ya farka ba. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, babu zafin jiki, kuma inji yana aiki kusa, a fara zargin hayaƙi.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar a ajiye inji a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. A gidajen haya na Zongo da Houéyiho, inda ɗakuna ke jere da juna a tsakar gida ɗaya, samun wannan tazara da wuya. Tsoron ɓarayi ma yakan sa a shigar da injin zaure, ƙarƙashin bene ko cikin shago bayan an ja ƙofa. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa. Sarƙa da kwaɗo, ko kejin ƙarfe a fili, sun fi araha. A juya bakin salansa ya kalli inda babu ɗaki, har da na maƙwabci. Wanda ya shaƙi hayaƙin a fitar da shi sarari nan take, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Lambar 'yan kwana-kwana a Benin ita ce 118.

Haɗa shi da wayar gida

Wasu kan yi waya mai kai biyu, su soka ɗaya a inji, ɗaya a soket na bango. Wannan yana mayar da wuta kan layin gari, inda za ta iya kashe ma'aikacin da ke gyara, kuma idan wutar SBEE ta dawo injin na iya ƙonewa. Hanyar da ta dace ita ce makunnin sauya layi, wanda masu gyaran wuta a nan ke kira inverseur, kuma ƙwararre ne zai saka shi tare da wayar ƙasa. Idan babu shi, a ja waya kai tsaye daga inji zuwa kayan. Ta zama mai kauri, kamar milimita 2.5, ba mai ɗauri ko sagewa ba, kuma a warware ta duka, domin naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi.

Nauyin da zai iya ɗauka

Lambar da ke jikin inji sau da yawa kVA ce, ba watt ba. Domin a zauna lafiya, a ninka ta da 0.8: inji mai kVA 2.5 yana ba da kusan watt 2,000. Dutsen guga kaɗai yakan ci watt 1,000 ko fiye. Firji, famfon ruwa da duk abin da ke da mota suna jan wuta kamar ninki uku a lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin inji mai haɗa fetur da baƙin mai yake isar fitilu, fanka da talabijin, amma ya shaƙe da firiza. Walda tana bukatar nata babban injin.

A tayar da inji babu komai a jikinsa, a bar shi ya daidaita, sannan a soka kaya ɗaya bayan ɗaya, mafi nauyi a farko. Kafin a kashe, a cire su. Idan mai ya ƙare kaya na jone, wutar takan yi sama da ƙasa, kuma kwamfuta da talabijin ne ke fara lalacewa.

Fetur da ruwan sama

Mafi yawan ƙananan injina da kpayo suke aiki, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe a bakin titi. Gobarar da ta tashi a wani rumbun ajiye shi a Sèmè-Kraké a watan Satumba na 2023 ta kashe sama da mutum 30. Ba a zuba mai inji yana aiki ko yana da zafi. A kashe shi, a jira ya huce. A tace man da tsumma mai tsabta, a ajiye ragowar a jarka mai murfi nesa da murhu da ɗakin kwana.

Kotonou tana kwance ne tsakanin teku da tafkin Nokoué, kuma ruwa yana taruwa a unguwanni da yawa a daminar Afrilu zuwa Yuli. A ɗora inji kan bulo ko dandamali, a yi masa rumfa mai buɗaɗɗun gefuna, kada a lulluɓe shi da leda yana aiki. Wanda ke tsaye cikin ruwa ko hannunsa a jiƙe kada ya taɓa shi, ko da don kashewa ne.