Kotizon da Tarihin Jiyyar Amosanin Gaɓɓai

Bahaushe ya kan kira kowane ciwon gaɓa sanyin ƙashi ko amosani, ba ya rarrabewa. Turawan da ma haka su ke, gama kalmarsu ta rumatizim daga Girkanci ta fito, tushenta kuwa kwarara, don sun ɗauka wani mugun ruwa ne ke gangarowa cikin jiki ya taru a gaɓɓai. Abin da za mu duba a nan iri guda ne daga cikin cututtukan da wannan suna ya lulluɓe, watau wanda garkuwar jikin mutum ke juyowa ta far wa gaɓɓansa, yatsu su kumbura dama da hagu, su sandare da safe, a kwana a tashi su karkace. Ya fi kama mata.

A shekarar 1800 wani ɗalibin likita a Faris, Landré-Beauvais, ya bayyana alamunsa ga waɗansu mata matalauta na asibitin Salpêtrière. A 1859 Alfred Garrod na Landan ya raɗa masa sunan da likitoci ke kiransa da shi har yau. Amma suna ba magani ba ne. Asfirin, wanda kamfanin Bayer ya fitar kasuwa a 1899, ya kan rage zogi kurum, cutar kuwa tana nan tana cin gaɓa.

Maganin farko da ya taɓa cutar kanta bisa kuskure aka same shi. A 1929 Jacques Forestier, likita a Faransa, ya shiga yi wa majiyyata allurar gishirin zinariya, domin ana zaton ciwon dangin tarin fuka ne, zinariya kuwa a lokacin ana ba masu tarin. Zaton ƙarya ne, amma waɗansu suka sami sauƙi, ko da ya ke ya kan lahanta ƙoda da fata da jini. Aka yi shekaru fiye da hamsin ana amfani da shi.

A wannan shekara ta 1929 Philip Hench, likita a asibitin Mayo da ke Amurka, ya lura da wani abin mamaki. Majiyyacin da amosani ya naƙasa, da shawara ta kama shi sai ciwon ya lafa. Daga baya ya ga haka nan ga mata masu juna biyu: su sami sauƙi, in sun haihu ciwo ya komo. Ya ce lalle jiki da kansa yana yin wani abu mai kwantar da cutar. Ya yi kusan shekara ashirin yana nemansa. A ganina nan ne darajar Hench ta ke, gama ba shi kaɗai ya ga wannan ba, shi ne dai bai kau da kai ba.

Abokin aikinsa Edward Kendall kuwa yana can yana tace sinadarai daga ɗan ƙullutun nan da ke bisa kowace ƙoda. Ɗaya daga cikinsu ya kira shi da harafin E. Samunsa da wuya ƙwarai, sai da kamfanin Merck ya iya haɗa shi daga ɗacin matsarmamar shanu. Ran 21 ga Satumba 1948 aka yi allurarsa ga wata mata 'yar shekara 29 wadda ba ta iya tashi daga gado sai da taimako. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe, har ta fita cefane cikin gari. Aka sa wa maganin suna kotizon, a 1950 kuma aka ba Hench da Kendall da Tadeus Reichstein kyautar Nobel.

Murna ba ta daɗe ba. Da an daina allura sai ciwo ya komo, in kuwa aka ci gaba da yawa fuska ta kumbura, jini ya hau, sukari ya tashi, ƙashi ya yi rauni, wani ma hankalinsa ya gushe. Ita kanta matar farko ba ta tsira daga irin wannan ba. Sa'an nan ne likitoci suka gane kotizon danne kumburi ya ke yi, ba ya tumɓuke cutar. Amma fa ba a yar da shi ba. Danginsa, irin su firednisolon, ana ba da su kaɗan na ɗan lokaci kafin wani magani ya kama aiki, kuma sun ceci rayuka da yawa a cutar lufus.

Abin da ya biyo baya aro ne daga wasu cututtuka. Dangin kulorokwin, wanda mu ka sani don zazzaɓin cizon sauro, ya shiga jiyyar amosani da lufus tun shekarun 1950. Metotireset maganin ciwon daji ne, sai a 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi don amosani, ana shan kaɗan sau ɗaya a mako. Shi ne ya ture zinariya. Sai a 1992 Ravinder Maini da Marc Feldmann su ka gwada a Landan wani magani da ke toshe sinadari guda mai hura kumburi, wanda a ke kira TNF, bayan sun fara gano aikinsa a cikin gaɓar da ta kamu. Na farkon irin waɗannan magunguna ya sami izinin shiga kasuwa a Amurka a 1998.