Yadda Aka Gano Ma'anar Lafiyayyen Dasashi

Ilimin likitancin haƙori ya shafe kusan ƙarni uku yana siffanta cututtukan dasashi kafin masanansa su amince da amsar tambaya mafi sauƙi: wane dasashi ne za a kira lafiyayye?

Tun a shekarar 1746, likitan Faransa Pierre Fauchard ya bayyana wata cuta mai sa dasashi ya kumbura, ya riƙa fitar da mugunya, haƙora su yi ta girgiɗi har su zube. A ƙarni na 19, an riƙa kiranta da sunan John Riggs, likitan Amurka da ya dage kan kankare dattin da ke maƙale a saiwar haƙori. Sai dai rashin sanin iyakar da ke tsakanin lafiya da cuta ya jawo ɓarna. Bayan da William Hunter na Ingila ya yi ikirari a 1910 cewa ruɓar baki na haddasa cututtuka a sauran jiki, an shafe shekaru ana cire wa mutane haƙoran da za su iya warkewa.

Sauyi ya zo daga birnin Aarhus na ƙasar Denmak a 1965. Harald Löe da abokan aikinsa sun sa wasu masu ƙoshin lafiya, akasarinsu ɗalibai, su daina goge baki. Cikin kwana 10 zuwa 21, dasashinsu ya kumbura. Da suka koma ga buroshi, kumburin ya sace cikin kimanin mako guda. Wannan ya tabbatar da cewa tarin ƙwayoyin cuta a gindin haƙori shi ne sila, kuma matakin farko na cutar yana warkewa sarai.

Duk da haka, tsarin rarraba cututtukan dasashi na 1999 bai ware wa lafiya gurbi ba. An cike wannan giɓi a Nuwamban 2017, lokacin da ƙwararrun Amurka da Turai suka taru a Shikago. Ma'aunin da suka yanke ya dogara ne da wani siririn tsinke mai alamun milimita da likita ke zurawa tsakanin haƙori da dasashi. Idan zurfin bai wuce milimita 3 ba, kuma wuraren da suka yi jini ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, dasashin lafiyayye ne.

Wannan ma'auni bai nemi kamala ba, domin ɗan jini a wuri ɗaya ko biyu ba ya mayar da mutum majiyyaci. Amma wanda cutar ta taɓa cinye wa ƙashin da ke riƙe haƙori, ko da jinin ya tsaya, ana ɗaukar cutarsa a matsayin wadda ta lafa, kuma yana buƙatar dubawa a kai a kai har ƙarshen rayuwa. Da wannan ne likita ya samu hujjar sanin lokacin da ya kamata ya sa hannu, da lokacin da ya kamata ya ƙyale haƙori a mazauninsa.